Gwaggo Ta Buɗe Littafin Ta Dama

Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, wannan ba ni da ja a kansa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganganun da na ji a zaman makoki, kwana uku ina kan tabarma ina amsa gaisuwa har muryata ta dushe.

Ranar Talata da hantsi Gwaggo ta cika, a ɗakinmu na haya a Gyadi-Gyadi, kanta a kan cinyata. Waɗanda suka fara cika ƙofar gida direbobin manyan motoci ne na bakin Titin Zariya, da leburorin da ke aikin gini wajen Daurawa, mutanen da suka shekara tara suna karyawa da abincinta. Wani ƙato a cikinsu ya tsuguna a bakin zaure yana sharɓar kuka, yana cewa, "Shi ke nan, Iya ta sauke tukunya." Wannan kukan na yarda da shi. Matan unguwa kuma suka shigo suna tafa hannu suna cewa, "Allah sarki, 'yar Gana! Baiwar Allah, ta zo ta mutu a garin mutane." Su ma ban riƙe su a zuciya ba, abin da aka koya wa 'ya'yansu a makaranta suka maimaita.

Ana shirin sallar gawa sai ga mutanen babban gida daga Tarauni. Baffa, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya shige gaba, aka koma shi ake miƙa wa hannu. Daga tsakar gida ina jiyo shi yana gaya wa liman, "Ƙanwata ce, Malam. Ubanta da ubana ciki ɗaya suka fito. A Tarauni za a rufe ta, kusa da kakanninta." Da aka dawo daga maƙabarta, babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya shigo ya durƙusa a gabana, ido jawur, ya ce, "Ƙanwata, uwa muka rasa." Na dube shi na ce, "Haka ne, Yaya." Sauran maganar na haɗiye ta, saboda akwai mutane kuma gawa ba ta daɗe da fita ba.

Ita ce yanzu nake fitarwa a takarda. Ina so in faɗi wacece Gwaggo, domin an riga an rubuta ta sau ɗaya, an buga, an raba wa yara, kuma ba daidai aka rubuta ta ba.

Mahaifinta, wato kakana, ɗan Tarauni ne. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Gwanja neman goro, ya zarce Kumasi, ya yi aure a zango, bai sake ganin Kano ba. Can aka haifi Gwaggo, can aka haifi ƙanenta mahaifina, can aka haife ni. Iyayena sun rasu ina ƙarama, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba, sai ya zamana ni ce tata ita ce tawa. Duk zamanta a Kumasi, in aka tambaye ta 'yar ina ce, sai ta ɗaga kai ta ce, "Bakanuwa ce ni, 'yar Tarauni," alhali ko ganuwar Kano ba ta taɓa gani ba. Da gwamnatin can ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, maƙwabta suna kuka ita tana ɗaure kaya. Ta ce mini, "Share hawayenki. Wasu korarsu aka yi, mu gida za mu."

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Kwana da kwanaki muka yi a bayan babbar mota, a tsakanin katifu da tukwanen mutane. Abu uku ne ba ta yarda sun bar cinyarta ba: Alƙur'anin mahaifinta a gafaka, kaskon da take niƙa yaji, da wata farar langa mai murfi da jan baki.

A zauren babban gida ta tsaya da ƙurar hanya a jikinta, ta jero sunayen kakanni ba ta yi tuntuɓe ba. Ta faɗi inda rijiya take a gidan da ba ta taɓa shiga ba. Ta nuna durumin ƙofar gida ta ce daga kansa mahaifinta ya faɗo ya karye a hannu. Babu wanda ya musa ko ɗaya. Aka ce lale marhabin, aka sauke mu a ɗakin baƙi. Bayan mako biyu Baffa ya samo mana ɗakin haya a Gyadi-Gyadi, ya ce a can za mu fi sakewa. Gwaggo ta yi ta godiya har da durƙusawa. Ba gado ta zo nema ba, ko sau ɗaya ban ji ta ambace shi ba. Amma ni da ƙuruciyata na lura ɗakin kakana yana nan a gidan, buhunan dawa ne a ciki.

Sana'ar da ta iya ita ta kafa, wato dokunu. Wanda bai san shi ba, masara ce ake jiƙawa kwana uku, a kai inji, a kwaɓa ƙullun a rufe shi har ya yi tsami, a dafa rabi a haɗa da ɗanyen, a naɗe a ɓawon masara a sake dafawa. Da niƙaƙƙen barkono da soyayyen kifi ake ci. Direbobin da suka taɓa zuwa Ikko ko Ankara ta Gana su suka fara gane ta, sauran suka biyo su. Duk wanda ya ɗanɗana ya yatsina fuska ya ce ya yi tsami, amsarta ɗaya ce: "To nonon da kake dama fura da shi, zuma ce?" Hausarta ta Kumasi ce, wadda ba ta raba mace da namiji, sai ta leƙo ta ce, "Yarinyan nan ya ci abinci kuwa?" yaran unguwa su kwashe da dariya, ita ma ta taya su.

Faɗa ɗaya na san ta yi a unguwa, da matar mai gidan hayarmu, wadda ta ce warin ƙullu ya hana ta shan iska. Gwaggo ta fito da muciya a hannu ta ce, "Hajiya, daddawar da kika shanya jiya a kan katanga turaren wuta ce?" Suka yi wata guda ba sa gaisawa. Da Hajiyar ta sami ciki, babu abin da ke zama a cikinta sai dokunun nan, Gwaggo kuma ta riƙa kai mata har ɗaki kullum da safe, ba ta taɓa tuna mata ba. Ni ce nake tuna mata, da ido.

Shekarun da aka yi fari, mutane suka gangaro daga arewa, mata da yara a gindin bishiyoyi a bakin titi, ba sa jin Hausa sosai. Gwaggo ta ƙara mudu biyu a kan abin da take jiƙawa, wannan nasu ne. Ba ta tsayawa su yi godiya. Ta ce mini, "Na san hawa mota ba ka san wa zai tarye ka ba. Ni na yi sa'a, ina da gidan uba." Haka take faɗa, da zuciya ɗaya.

A babban gida akwai al'ada. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, mazan gidan sukan hallara a zaure su yi ciyayya. Kowane ɗaki ya fito da kwanonsa, 'ya'yan gidan mata da ke aure a wasu unguwanni su ma su aiko da nasu. Baƙo ba ya kawo kwano wannan zaure, zama yake a ba shi. 'Yar gida ce take aikowa. Juma'ar farko da Gwaggo ta kafa tukunya, ta zaɓi dokunu shida da suka fi kyan naɗi, ta soya kifi mafi girma, ta jera a farar langar nan, ta ɗaure da ƙyalle, ta ɗora mini a ka. Na ratsa gonaki har Tarauni, na ajiye a layin kwanuka. Bayan la'asar na koma ɗauka. Sauran kwanukan duk an suɗe su, tamu ko ƙullin ƙyallen ba a kwance ba.

Da na kawo, ba ta buɗe ba. Ta karɓa da hannu biyu ta ɗan jinjina ta, nauyin ya gaya mata komai. Ta ce, "Harshe ne bai saba ba, zai saba." Juma'a ta gaba ta sake. Wata rana ta ce yau sun ƙoshi ne, wata rana ta ce ƙila cikin Baffa ne ba daidai ba. Da na girma na fara jin kunyar wannan tafiya, na ce mata, "Gwaggo, kin iya tuwo, kin iya shinkafa. Ki aika musu abin da za su ci mana." Ta ce, "In na aika tuwo ai nasu na mayar musu. Wannan abincin mahaifina ya yi shekara arba'in yana ci, bai fasa zama ɗan gidansu ba." Shekara bakwai muka yi haka, ruwa ko rana. Ba a taɓa ce mana mu daina ba, ba a kuma taɓa ɗaga murfin ba.

Sai shekarar da aka buɗe wa kowa furamare kyauta. Ana neman malamai ido rufe, aka yi mana horo na gaggawa, na zama malamar aji biyu a makarantar unguwarmu. Gwaggo ta ƙara da kai tallarta bakin shingen makarantar lokacin tara. A wannan shekarar ne Yaya ya fara zuwa gidanmu. Zane ya karanto, yana aiki da masu shirya littattafan yara na Hausa masu hotuna. Ya jingine babur ɗinsa, ya yi sallama, ya ce, "Gwaggo, yunwa ce ta kawo ni." Ta yi tsaye da ludayi a hannu tana kallonsa. Ya wanke hannu ya zauna a kan tabarma, ya tashi da dokunu huɗu, gumi yana tsatso masa, yana cewa, "Ashe cutar kanmu muke yi duk shekarun nan!" Ranar Gwaggo ba ta ci abinci ba, murna ta ishe ta.

Ya ce littafi zai yi a kanta, yaran Kano duka su san ta. Ya yi wajen wata biyu yana zuwa da fensir da manyan takardu. Ta ɗaura zanenta na salla ta zauna masa a bakin murhu, hayaƙi yana shiga idonta ba ta motsa ba. Ya tambaye ta labarin tafiyarmu, ta gaya masa har abin da ni ba ta taɓa gaya mini ba: matar da ta haihu a bayan mota aka kare ta da zannuwa, da kaburburan 'ya'yanta uku da ta baro ba ta samu ta yi musu sallama ba. Ta daina ce masa Malam, ta koma ce masa "ɗana". Amma ranar Juma'a in na kai langa, ina ganinsa a zaure a gefen ubansa, hannunsa a cikin shinkafa, ko kallon ƙyallen ba ya yi. Na gaya mata. Ta ce, "Kunyar ubansa yake ji. Ki bar shi, littafi zai yi magana."

Littafi kuwa ya yi magana. Ranar da ya kawo shi bai zauna ba, ya ce ana jiransa. Ɗan siriri ne, mai launi, kowane shafi hoto ɗaya da layi biyu na rubutu a ƙasa. Gwaggo ta wanke hannu, ta goge da zane, ta yi bisimilla. Ita makarantar allo ta yi, Alƙur'ani take karantawa da ajami, duk littafin da ta taɓa riƙewa a duniya ta dama ake buɗe shi. Saboda haka ta ɗora shi a cinya ta buɗe ta dama, wato daga shafin ƙarshe.

Hoton da ta fara gani babbar mota ce, mace da kaya a ka, ƙafarta ɗaya a kan matakala, yara sun ɗaga hannuwa. Ta ce, "Lah! Ga ni na sauka, ga yara suna yi mini maraba." Ta juya. Yara suna cin dokunu suna dariya. Ta juya. Yara sun toshe hanci sun yatsina fuska, ta ƙyalƙyale ta ce, "Yaji ya kama su!" Ta ga naɗi, bayansa ta ga jiƙon masara, ta girgiza kai ta ce, "Ɗan nan ya sa naɗi kafin jiƙo. Namiji ne, me ya sani a girki." Sai shafin da ya zame mata na ƙarshe. Zauren babban gida ne, ba wani ba, har durumin da reshensa guda da ya karkata. Ga ta tsaye a bakin ƙofa da farar langa mai jan baki a hannu. Ta daɗe a kan wannan shafi. Ta shafa shi da yatsa, hawaye suka zubo, ta ce, "Ya kai ni gida. Ɗana ya kai ni har ƙofar gida."

Ni ina tsaye a bayanta, idona a kan rubutun. A ƙarƙashin hoton zauren, wanda shi ne shafi na ɗaya, an rubuta: "Wannan baƙuwa ce. Ta zo unguwarmu daga wata ƙasa." Can gaba: "Abincinta ba irin namu ba ne." Sannan: "Kada mu yi mata dariya. Mu yi wa baƙo kirki." A ƙarƙashin motar kuwa, inda labarin ya ƙare: "Wata rana za ta koma garinsu. Sauka lafiya, baƙuwa." Ta ɗago ta ce, "Me aka rubuta a nan, gindin zauren?" Na ce, "An ce kin zo unguwarmu." Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma har gobe ina jin ɗacin wannan amsa a bakina.

Ta naɗe shi a sabon ƙyalle ta sa a adaka, a ƙarƙashin gafaka. Duk wanda ya zo sai ta fito da shi, ta buɗe ta dama, ta bi da shi daga mota har zaure. Direbobin yawanci ba su yi boko ba, suka yi ta sa albarka. 'Yan kaɗan da suka iya karatu sukan dube ni, in sunkuyar da kai, su ma su yi shiru.

Na sami Yaya a ƙofar gidansu yana goge babur. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Yaya, baƙuwa? A ƙofar gidan ubanta ka tsayar da ita ka ce baƙuwa?"

Ya ce, "Ke malama ce, ya kamata ki gane. Darasi ne. Ana so yara su koyi mutunta baƙo. In na ce 'yar gida ce, darasin ya rushe. Yaro zai ce ina Bakanuwa ina dokunu?"

"Sai ka gaya wa yaron ina. Ai ta gaya maka, wata biyu tana gaya maka."

"Shafi goma sha shida ne, ba tarihi ba. Kuma ban sa sunanta ba."

"Ka sa fuskarta. Ka sa langarta. Wane garin za ta koma, Yaya? Wanda aka kore ta?"

Ya jefar da tsumman ya ce, "Kin san Baba. Da na rubuta cewa 'yar gidanmu ce take talla a bakin titi, da ban kwana a gidan nan ba." Sai ya sassauta murya: "Tunda tana murna, ki bar ta da murnarta. Wa zai gaya mata?"

Wannan tambaya tasa ni ce amsarta, shi ya sa ba zan ɗora masa kayan duka ba. Da zangon karatu ya zagayo, aka raba wa makarantu littafin, aji biyu aka ba. Na yi ta ɗaga shi, yau mu yi lissafi, gobe mu yi waƙa, har hedimasta ya ce ranar Laraba zai shigo ya ga yadda nake koyar da shi. Ya zo ya zauna a bayan aji. Yadda muke karatu kowa ya sani: malama ta faɗa, yara saba'in su amsa da iyakar ƙarfinsu, har a bakin titi ana ji. Na ɗaga littafin na ce, "Wannan baƙuwa ce." Suka amsa, ginin yana amsawa da su. Muna shafi na huɗu na hangi ɗankwalinta ta taga. Ranar ta zo da wuri, ta sauke tallarta a inuwar darbejiyar da ke jikin ajina. Ta ɗago kai tana murmushi, ta gane bangon littafin a hannuna. Zan iya tsayawa. Zan iya cewa kaina yana ciwo. Na dubi hedimasta, na dubi taga, na ci gaba, har "Sauka lafiya, baƙuwa." Da aka tashi tara, yara suka ruga wajenta suna nuna ta suna rera mata shi, ba da mugunta ba, murna suke sun ga ta cikin littafi. Ta sallame su ɗaya bayan ɗaya, kowa da yajinsa.

Da na dawo gida na same ta a kan tabarma, littafin a cinyarta a rufe. Ta ce, "Zo ki nuna mini ta inda 'yan boko suke buɗewa." Na juya mata shi. Ta fara daga zaure. Ta bi shi a hankali, jiƙo, naɗi, har ta ce, "Ashe ya iya, ni ce ban iya ba." Da ta kai kan motar ta tsaya, ta dubi ƙafar nan da ke kan matakala. Ta ce, "Ashe hawa nake yi."

Na durƙusa ina kuka. Ta ce, "Tun ranar kin sani?" Na ce na sani. Ta gyaɗa kai, ta mayar da shi cikin ƙyallensa ta ɗaure. Sannan ta ce, "Muryarki tana fita sosai a aji. Har bakin shinge ba abin da ya ɓace mini." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a na ɗauko langa na wanke, ta ce in mayar. Ban sake kai ta ba. Ga abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan, ya fi littafin, ya fi komai: shekara biyu langar nan ba ta je zaure ba, kuma babu mutum ɗaya daga babban gida da ya aiko ya ce lafiya. Wata uku na farko, in an sauko Juma'a, takan zauna tana fuskantar ƙofa, ko da wani zai zo tambaya. Daga baya ta daina.

Ba ta fasa sana'a ba, ba ta fasa tsokanar direbobi ba. Amma in baƙon ciniki ya ji Hausarta ya ce, "Iya, 'yar ina ce?" sai ta ce, "Ina nan dai," ta miƙa masa kifinsa. Da salla Yaya ya zo gaisuwa. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kofin gilashi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen gidanku?" Ya sha ruwan da ƙyar. Ko ta yafe ko ba ta yafe ba, ba ta gaya mini ba, ni ma ban sami fuskar tambaya ba, tunda ina cikin waɗanda za a yafe wa.

Ranar Litinin ta dawo daga inji ta kwaɓa ƙullu ta rufe, kamar kullum. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta, washegari ta tafi. Muna cikin karɓar gaisuwa ƙullun yana can a kusurwa yana tsami, babu wanda ya tuna da shi. Ranar Juma'a da safe, bayan an yi sadakar uku an watse, na buɗe shi na ga shatin yatsunta a samansa. Na hura wuta. Na naɗa, na dafa, na soya kifi, na niƙa barkono a kaskonta. Na zaɓi shida na jera a farar langa, na ɗaure da ƙyalle. Ba don zumunci na yi ba, kada wani ya yaba mini. Na ji an ce jininsu ce a gaban liman, shi ne na ce bari in gani. Na kai da kaina, na ajiye a layin kwanuka, na juyo ban gaisa da kowa ba.

Bayan la'asar na ji ƙarar babur. Yaya ne da langa a hannu, an wanke ta, an ninke ƙyallen a kan murfi. Ya ce, "Kowa ya ci, ƙanwata. Har Baba. Ya ce bai san haka yake da daɗi ba."

Na ce, "Shekara bakwai, Yaya, murfi ne kawai tsakaninsa da sani."

Ya miƙo mini langar. Na karɓa da hannu biyu, ban san lokacin da na jinjina ta ba, yadda take yi. Ba nauyi ko kaɗan. Wannan rashin nauyin shi ta nema tun ranar da muka sauka a garin nan, ga shi ya zo, kwana uku bayan an rufe ta. Ya ce in za a sake buga littafin zai gyara. Na ce Allah Ya sa, na shiga ɗaki na bar shi tsaye.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo maKa. Ta ciyar da wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da mahaifinta da 'ya'yan da ta baro a Kumasi, Ka saukar da ita a gidan da ba za a nuna mata ɗakin baƙi ba. Mu da muka ci amanarta, da wanda ya rubuta da wadda ta karanta, Ka ba mu ikon jin kunya.

Na koma aiki ranar Litinin. Sababbin 'yan aji biyu ne, littafin kuma yana nan a cikin abin da za a koyar. Na ɗaga shi na buɗe ta dama. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, kin juya shi." Na ce haka mai shi take buɗewa. Na sa tafin hannuna na rufe rubutun, muka tashi daga mota, muka bi ta kan yaji da naɗi da jiƙo, har muka iso zaure da durumi da mace riƙe da langa. Ta taga ina ganin gindin darbejiya, babu kowa.

Na ce, "Wannan gidan ubanta ne. Ku maimaita."

Suka maimaita, har bakin titi.